Shekara Uku Ina Bin Kurege

Na iso Greensboro, a ƙasar Amurka, a ƙarshen shekarar 2002, ina bin mijina. Ya riga ni zuwa da 'yan watanni, yana karatun digiri na biyu a fannin nazarin dabbobi. Fannina ke nan ni ma. Ajinmu ɗaya a jami'a a gida, a can muka haɗu, kuma da sakamako ya fito ni ce a sama, shi yana biye da ni daga nesa. A lokacin bai ɓoye wa kowa ba, har alfahari yake yi da abin. Amma shi ya sami gurbin karatu a waje, ni kuwa bizar matar ɗalibi aka buga mini, wadda ba ta yarda in yi aiki ba, ba ta kuma yarda in yi karatun digiri ba. Abin da ta yarda da shi shi ne in zauna, in yi girki, in jira.

Ɗakinmu yana cikin wani dogon gidan haya a bayan High Point Road, kusa da wajen sayar da tsofaffin motoci. A tsallaken titi akwai shagon wata Hajiya 'yar Maraɗi, mai sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, tana kuma yin kitso a ɗakin baya. Ita ta zame mini uwa a garin. In zaman ɗaki ya ishe ni sai in tsallaka wurinta, in taya ta ƙulla kaya a leda, muna hira. Haka na cinye watannin sanyi na farko.

Aikin da farfesan mijina ya ɗora masa a kan wani ɗan ƙaramin kurege ne da mutanen ƙasar ke kira cifmonk. Bai kai rabin kuregenmu na gida ba, tsaf yake zama a tafin hannu. Jikinsa ja-ja ne kamar ƙasar jigawa, da zane baƙi guda biyar daga wuya zuwa ƙugu, da fari a tsakanin na gefe, kamar an ja masa da kwalli da alli. An ce mijina ya riƙa kama su da rai a wani daji, yana auna su, yana sa musu lamba, yana sake su, don a san yawansu da yadda suke rayuwa daga wata zuwa wata. Dajin yana Pleasant Garden, kudu da gari, a bayan gidan wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu. Ita ta ba jami'a izinin shiga.

Sati guda mijina ya yi a dajin. Akwai wani ganye a can mai kunne uku, in ya taɓa fatar mutum sai ta tashi da ƙuraje masu ruwa. Ya dawo hannuwansa biyu sun kumbura har gwiwar hannu, wuyansa ya yi jawur, yana susa kamar zai cire fata. Ga darussa, ga ɗaliban da aka ba shi yana koyarwa a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, sau uku a mako. Tarkunan kuma ba a buɗe su a tafi, dole a duba su da hantsi, a sake dubawa da azahar, in ba haka ba zafi ya kashe abin da ya shiga. Ya zauna a bakin gado yana kallon hannuwansa, ya ce, "Malama, ina jin wannan karatun zai gagare ni."

Ni na ce masa, "To ka kai ni mana."

Dole in faɗi wannan tun yanzu, don kada a ce na yi masa sharri. Bai tilasta ni ba. Ni na roƙa, har sau biyu, domin da farko ya ƙi. Ya ce in aka sani akwai matsala, tunda ba ni cikin takardar izinin taɓa dabbobin, kuma bizata ba ta aiki ba ce. Na ce wa zai sani, a daji? Muka shirya a kan cewa zan riƙe masa har hannuwansa su warke.

Hannuwan sun warke cikin mako uku. Ni kuwa na yi shekara uku a dajin.

Bayan sallar asuba za mu fito, ya sauke ni a bakin hanyar gidan tsohuwar, ya juya ya nufi jami'a. In ɗaure gyalena a ƙugu, in cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, in bi layin tarkuna ina buɗewa. Ƙananan akwatuna ne na alminiyom, ƙofarsu tana rufuwa da zarar dabba ta taka ciki, ba sa ji mata ciwo. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa nake shafawa a ciki. In na dawo zagaye na biyu na ga ƙofa a rufe, sai in ɗaga in ji motsi, in juye shi cikin jakar yadi, in rataya a ma'auni, in kama shi ta ƙeya in duba namiji ne ko mace, in maƙala masa ɗan kunnen ƙarfe mai lamba, in rubuta. Sun cije ni ba adadi kafin in iya riƙon. Har yau akwai tabon a ɗan yatsana na dama.

Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba, kuma wannan ne ya sa abin da ya biyo baya ya fi ciwo. A aji mun karanta dabbobi a littafi. A nan kuwa ni ce zaune a kan kututture awa biyu ina kallon guda ɗaya tana aiki. Itatuwan dajin galibi irin wanda suke kira ok ne, masu zubar da 'ya'ya kamar ƙwallon dabino mai 'yar hula. In kaka ta yi, kuregen zai ɗauki ɗaya ya juya shi da hannu, ya cusa a kumatu, ya ƙara, ya ƙara, har kansa ya ninka faɗi, sannan ya ɗaga wutsiya sama ya zura da gudu. Kumatunsa aljihu ne. Na daɗe kafin in gano raminsu, domin ba sa barin tulin ƙasa a baki kamar gafiya. Ƙofa ce 'yar ƙarama a gindin saiwa ko ƙarƙashin dutse, a share tas. A ciki akwai ɗakin kwana da aka shimfiɗa wa busasshen ganye, akwai rumbun abinci. Kowa da raminsa, ba sa zaman gandu. Maƙwabci ya matso kusa da ƙofar wani, sai kora da tsiwa. Namiji da mace ba sa haɗuwa sai lokacin barbara, daga nan kowa ya kama gabansa, uwa ita kaɗai ke rainon 'ya'yanta a rami, har su yi kamar mako shida su leƙo waje, ba da jimawa ba ta sallame su.

Har kukansu na iya bambantawa. In kyanwa ko maciji ne a ƙasa, kukan siriri ne mai tsini, kamar na ɗan tsako. In shaho ne a sama, sai su koma wani mai kauri, kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya da tsinke, ɗaya ya fara sauran su amsa har dajin ya ɗauka. Sau da yawa kafin in ga shahon na riga na san yana nan.

Duk wannan ina rubutawa a littattafai masu baƙin bango. Lambobi da awo da Turanci, a layinsu. Amma a gefen shafi da Hausa nake yi, yadda abin ya zo mini: wadda kunnenta ya yage ta sake shiga tarko yau, mayya ce a kan gyaɗa, na bakin rafi yana da tsutsar ƙuda a ƙarƙashin fatar ciki, amma yana cin abincinsa, an yi ruwa, ba wanda ya fito sai bayan azahar.

Ban da mijina, tsohuwar mai dajin ita kaɗai ke ganin gaskiyar wanda ke aikin da idonta. Doguwa ce siririya, tana tafiya da sanda. Da farko daga taga take kallona. Ranar da ta ga na shimfiɗa ɗankwali a gindin itace ina sallar azahar, sai ta jira na idar, ta ce in riƙa zuwa barandarta in yi, ƙasa akwai kaska. Daga nan kullum sai ta ajiye mini shayi mai ƙanƙara, da sukari kamar zuma. Takan ce, "Zo ki ba ni labarin 'yan hayata. Wa ya haihu, wa ya mutu?" Shekara hamsin tana gidan, suna tone mata furanni, amma ta ce ba ta taɓa sanin suna da rumbu ba sai a bakina.

A shekara ta biyu na haifi 'yata, cikin sanyi, lokacin da babu aikin tarko. Da bazara ta yi na koma da ita a baya. Na yi zagaye da goyo, na shayar da ita a kan kututture, in rana ta yi zafi tsohuwar ta karɓe ta ta kwantar a kujerar baranda. Hajiya ta yi ta faɗa. "Mi kike nema a daji da jinjira, ɗiyata? Wane irin lakkwal ne wannan, wace irin makaranta, da miji ke aji, mata na daji?" Nakan yi dariya in ce ai namu ne duka, in ya gama ni ma zan shiga. Haka muka yi da shi. Ya faɗa da bakinsa ba sau ɗaya ba: "Ina gamawa ke ce a layi."

Akwai abu ɗaya da ya faru wanda ba zan tsallake ba. A shekarar farko, da zafi ya tsananta wajen watan Agusta, tarkuna suka daina kamu. Kwana da kwanaki in zagaya in tarar da ƙofofi a buɗe, gyaɗa ta bushe, dajin shiru. Mijina ya duba lambobin a kwamfuta ya ce shi ke nan, wata cuta ta shiga ta kashe su, haka zai rubuta wa farfesa. Na ce ya dakata. Na ce ban ga gawa ko ɗaya ba, kuma ƙofofin ramukan a share suke, gizo-gizo bai yi saƙa a kansu ba, alamar ana shiga ana fita ko da ba a idona ba. Muka yi musu sosai, har ya ce mini, "Ke ce ɗalibar ko ni?" Amma ya dakata. Da iska ta fara sanyi, 'ya'yan itace suka fara zuba, sai ga su sun dawo, da 'yan kunnayensu, lamba bayan lamba, har da mai yagaggen kunnen. Ashe lafewa suke yi a rami in zafi ya yi yawa. Shekara ta biyu aka sake haka, ta uku ma haka. Wannan lafewar ita ta zama ƙashin bayan kundin digirinsa. Farfesa ya yaba masa ƙwarai, ya ce yana da idon mai lura. Shi ya zo ya ba ni labari da murna, muna cin tuwo, ko a fuskarsa ban ga ya ji wani abu ba.

A kakar 2005 tsohuwar ta faɗi a banɗaki, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Ban sami labari ba sai da na zo na tarar da motoci cike da ƙofar gidan. 'Ya'yanta biyu suka zo daga wasu jihohi, mutane masu fara'a, suka ce in ci gaba da aikina har ƙarshen kaka. Kafin wata ya zagayo an kafa allo a bakin hanya. An sayar da gidan da dajin ga masu gina gidaje. Sai ga mutane da jajayen ƙyallaye suna ɗaurawa a jikin itatuwa, suna buga turaku a tsakiyar layin tarkunana.

Na matsa wa mijina ya yi wa farfesa magana, ko akwai abin da jami'a za ta iya. Ya dawo da amsa a taƙaice. Farfesa ya ce abin ba daɗi, amma wannan kuregen ba ya cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, yana nan birjik a gabashin ƙasar har zuwa Kanada, babu dokar da za ta tsayar da gini saboda shi. Kuma ai bayanan da aka tara sun isa, shekara uku ta wadatar.

Na san gaskiya ya faɗa. Ni ma na karanta, na san ba za su ƙare a duniya ba don an share daji ɗaya. Amma ni ba na duniya na sani ba, na wannan dajin na sani, ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa mijina to mu kama su mu kai wani dajin kafin a fara. Ya ce babu izini, kuma ko an kai su, kuregen da aka raba da rumbunsa a bakin sanyi yunwa ce za ta kashe shi. Wannan ma gaskiya ce. Kowa gaskiya yake faɗa mini a shekarar nan.

A watan Janairu katafiloli suka shiga. Lokacin sanyi kuregen nan ba ya yin kitse ya kwanta barci ɗaya kamar wasu dabbobin. Yakan dunƙule a ɗakinsa, jikinsa ya yi sanyi, numfashinsa ya ragu, bayan 'yan kwanaki ya farka ya ci daga rumbu, ya koma. Wato ranar da aka zo suna ƙasa, a dunƙule, ba mai iya gudu. Na roƙi mijina ya kai ni wata Asabar da hantsi. Ya tsaya a mota da yarinya, injin yana kunne saboda sanyi. Na taka har inda layin farko yake. Babu itace ko ɗaya, sai jar laka da sawun ƙarfe, an tara kututtura a gefe kamar tsauni. A wani wuri da bakin katafila ya yanki ƙasa na ga rumbu ɗaya a buɗe, 'ya'yan ok sun zubo cikin laka, sun fi cikin ƙwarya. Ban tona ba. Wani ma'aikaci mai hular kwano ya ɗago mini hannu, ya ce ba a shiga nan. Na koma mota. Mijina ya ce, "Kin gani ko? Da kin ji maganata da ba ki ɓata wa kanki rai ba."

Bayan wata biyu ya zo da wata magana. Ya ce ƙa'idar lab ce, in ɗalibi zai gama sai ya miƙa ainihin littattafan da ya rubuta a daji, a ajiye. Nawa kuwa rubutun mace ne, ga Hausa a gefe, ga wuraren da na rubuta cewa goyo ya hana ni ƙarasa layi. Ya sayo sababbin littattafai masu baƙin bango, ya zauna a teburin kicin kullum bayan la'asar yana kwafewa da hannunsa. Ni nake karanta masa. Inda na yi Hausa in fassara, ya zaɓi abin da zai ɗauka. Har biro yake canzawa don kada tawada ta zama iri ɗaya, har ƙasa ya ɗan shafa wa wasu shafuka. Na taya shi, domin a zatona nawa za su zauna a wurina. Da muka gama na mayar da su cikin kwalinsu, littafi tara, na tura ƙarƙashin gado.

Wata ranar Talata ina shara na jawo kwalin na ji shi sakayau. Na buɗe, ba komai sai ma'aunin da jakar yadi. Na jira ya dawo, na bari ya ci abinci, sannan na ce, "Malam, ina littattafaina?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na zubar."

"Ka zubar a ina?"

"A bola. Tun ranar Juma'a, an riga an kwashe." Sai ya ajiye cokali. "Malama, ki yi tunani mana. Kin san halin da ake ciki a ƙasar nan da irinmu. In wani ya ga littattafan nan, digirin ya tafi, biza ta tafi, a sa mu a jirgi da ni da ke. Don mu na yi."

Na ce, "Wa zai gan su a ƙarƙashin gadona?"

Ya ce, "Ba ki san yadda abubuwa ke faruwa ba."

Na ce, "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Ya ce, "Don na san ba za ki yarda ba."

Tsoronsa ba na ƙarya ba ne. A shekarun nan duk wani mai sallah da ke zaune da biza yana tafiya ne kamar a kan ƙwai, mun ji labarin waɗanda aka kora a kan abin da bai kai wannan ba. Na yi ta juya wannan a raina, ina neman in ba shi uzuri. Amma ya san ba zan yarda ba, ya jira na tafi shagon Hajiya, ya durƙusa ya jawo kwalin, ya kwashe, ya mayar da kwalin daidai inda yake, ya yi kwana huɗu yana cin abincina bai ce uffan ba. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

A watan Mayu ya kare kundinsa a gaban malamai. Na je da atamfata sabuwa. Yarinya ta fara rigima tun a hoto na uku da ya haska a allo, na fito da ita baranda, ta ƙofa nake jin muryarsa yana bayanin yadda ya lura cewa gizo-gizo bai yi saƙa a bakin ramuka ba. Da aka fito farfesan ya zo ya gaishe ni, dattijo mai kirki, ya ce ya san ba ƙaramin haƙuri na yi ba, miji yana wuni a daji shekara uku ina gida ni kaɗai da jaririya. Na yi murmushi na ce na gode. A shafin godiya na kundin akwai sunan farfesa, da na tsohuwar, da na wanda ya gyara masa kwamfuta. Layin ƙarshe nawa ne. Ya gode wa matarsa saboda haƙurinta da addu'o'inta.

Na daina yi masa magana sai ta dole. Da abin ya kai wata biyu ya kai ƙarata wurin Hajiya, ita kuma ta kira wani Alhaji da ke sasanta ma'aurata a cikin jama'armu. Muka zauna a ɗakin kitso ranar Lahadi da rana, an jawo labule. Alhaji ya saurari mijina, sannan ya juyo ya ce, "To 'yata, ya dake ki ne?"

Na ce a'a.

"Ya hana ki ci ko sutura?"

Na ce a'a.

"To mene ne?"

Na fara bayani. Ina cikin maganar tarkuna da ɗan kunnen ƙarfe sai na ga gefen bakinsa yana motsi. Ya yi ƙoƙari ya danne, ya kasa. Ya ce, "Yanzu fisabilillahi a kan ɓera za a kashe aure?" Mijina ma ya yi 'yar dariya yana kallon ƙasa. Alhaji ya ce digirin miji ai na gida ne, abin da ya samu ni na samu, in yi haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Hajiya ta jira suka fita. Ta rufe ƙofa ta ce, "Bon. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni na gane, ɗiyata. Amma kayenki ya riga ya tafi, kuma takardunki a hannunsa suke. Ki yi shiru har ki tsaya da ƙafarki."

Na yi shirun. Maganar karatuna ba ta sake tasowa ba. In na taɓo ta sai ya ce bari ya sami aiki tukuna, da ya samu ya ce bari takardu su fito. Ya sami koyarwa a wata kwaleji da ba ta da nisa da gari, muka bar High Point Road muka koma gida mai ɗaki biyu.

Takardun sun fito a 2009. Satin da na sami izinin aiki na ga ana neman mai taimaka wa masu binciken dabbobin daji, aikin tarko da awo, abin da zan iya yi ido rufe. Na ɗauki bas na je cikin gari na cike fom. A wurin da aka tambayi ƙwarewa na rubuta shekara uku. Matar da ta yi mini tambayoyi ta saki fuska da ta ji yadda nake bayani, har ta ajiye biro tana saurare. Daga ƙarshe ta ce abu ɗaya ya rage, in kawo takarda daga wanda na yi aikin a ƙarƙashinsa, ko wani da zai shaida.

Mutum biyu ne a duniya suka ga ina aikin. Ɗaya tana kabari. Na dawo gida na sami ɗayan yana duba takardun jarrabawar ɗalibansa, na faɗa masa abin da nake so, layi uku kawai da sa hannu. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce, "In na rubuta cewa ke kika yi, me na ce game da kaina ke nan?"

Na ce, "Gaskiya."

Ya ce, "Ki nemi wani aikin. Akwai ayyuka da yawa."

Washegari na buga wa matar waya na ce na janye. Ta tambayi dalili, na ce yarinya ce ba ni da mai riƙe mini. Hajiya ta haɗa ni da wata 'yar garinsu da ke aiki a gidan kula da tsofaffi, aka ɗauke ni, na fara da sauya zanen gado da kai abinci ɗaki-ɗaki. Da albashina na huɗu na kama ɗaki ni da 'yata. Ya aiko Alhaji sau biyu, na ce a gaishe shi. Takardar sakin ta zo kafin ƙarshen shekarar, kuma har yau a cikin jama'armu abin da ake faɗa shi ne, ya kawo ni Amurka, na jira takardu suka fito, na gudu.